Amsa ga Hajiya: shin lo-kod zai raba sashenku da fayil cikin sati uku?

Hajiya ranki ya daɗe, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa don ba abin amsawa a layi biyu ba ne. Kin ce wani kamfani ya zo ma'aikatarku ya yi muku nuni, suka gina fom ɗin sabunta lasisin makarantu masu zaman kansu a gaban idonku cikin minti arba'in, suka ce da abin da ake kira lo-kod za su mayar da duk aikin sashenku kan intanet cikin sati uku ba sai kun ɗauki masu rubuta manhaja ba, kuma babban sakatare ya ce ki kawo shawara kafin a sa hannu. Kina so ki san ko gaskiya ne ko zaƙin bakin 'yan kwangila ne.

Abin da kika gani da idonki gaskiya ne, ba rufa ido suka yi muku ba. Fom yana ginuwa a minti arba'in, ni ma zan iya gina miki shi yau da daddare. Inda ban yarda da su ba shi ne sati ukun nan, saboda fom shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya, wahalar tana bayansa, kuma bayan nan ne ba su nuna muku ba.

Shi lo-kod ba wani abin tsoro ba ne. Da can in ana son manhaja sai mai rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ya zauna ya rubuta komai daga tushe, wurin shigar da suna, wurin kalmar sirri, rumbun da bayanai za su zauna, saƙon da za a tura wa mutum, kamar magini da sai ya buga bulonsa da kansa ya kuma ƙera ƙofa da taga. Yanzu kamfanoni sun riga sun buga bulon sun ƙera ƙofofin, kai dai ka jawo da linzamin kwamfuta ka ajiye inda kake so, ka ce in an cika wannan fom ya tafi wurin wane, in ya amince ya wuce wurin wane, in bai amince ba ya koma wa mai shi da dalili. Ɗan kod ɗin da ake rubutawa kaɗan ne, shi ya sa sunan. Kamfanin bincike na Forrester ne ya fito da sunan a 2014, amma su kayan sun girmi sunan, OutSystems na ƙasar Fotugal tun 2001 yake, Mendix na Holan wanda Siemens ta saya a 2018, ga Appian, ga Power Apps na Microsoft wanda shi aka fi kawo wa ma'aikatu saboda dama sun saba da Excel da Word. Akwai kuma waɗanda kod ɗinsu a buɗe yake kowa zai iya ɗorawa a sabarsa, wato kwamfutar da manhaja da bayanai ke zama a kanta, irinsu Joget da Budibase da Appsmith.

Kuma yana aiki, kar wani ya ce miki wasan yara ne. Lokacin korona a 2020 birnin New York ya gina shafin da mutane ke shigar da bayanan ko suna da alamun cutar a kan wani lo-kod mai suna Unqork cikin kwana uku. Singafo suna da FormSG, ma'aikacin gwamnati da bai san kod ba shi yake haɗa fom ɗinsa da kansa, amsoshin kuma a kulle suke sai mai makullin sirrin ne zai buɗe. Birtaniya ma suna da GOV.UK Forms da ma'aikatu ke amfani da shi suna mayar da tsofaffin fom na takarda zuwa na intanet. Ba ma sai mun je nesa ba, mu nan mun daɗe muna yin irinsa ba mu dai kira shi da wannan sunan ba. Duk wanda ya yi aikin sa ido a rigakafin shan inna ya san manhajar tara bayanai ta ODK a waya, 'yan ƙungiyoyin agaji sun san irinta KoboToolbox, a Excel ake tsara fom ɗin, layi ɗaya tambaya ɗaya, shafi na farko, wato jerin da ke tsaye, ka faɗi irin amsar ko lamba ce ko rubutu ko zaɓi ko hoto ko wurin da mutum yake tsaye a taswira, na biyu ka ba tambayar suna, na uku ka rubuta abin da mutum zai gani, in kana so ka ƙara wani shafin ka rubuta tambayar da Hausa, ka ɗora shi shikenan ya sauka a wayar ma'aikaci, yana cikewa ko babu sabis, in ya shigo gari ya tura. DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke tara alƙaluman asibitoci a kai, wanda jami'ar Oslo ta Norway ke kula da shi kuma ƙasashe sama da 70 ke amfani da shi, shi ma saita shi ake yi ba a rubuta shi daga tushe. Toh kinga hannunmu ya riga ya saba da irin abin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wata ma'aikata ta taɓa kirana irin wannan aikin, kafin in taɓa kwamfuta na roƙi darakta ya bar ni in bi fayil guda ɗaya da ƙafata daga ranar da aka buɗe shi a rajista. Fayil ɗin ya bi tebur goma sha ɗaya. A tebur uku daga ciki babu abin da ake yi illa a rubuta an gani a sa hannu a miƙa wa masinja. A tebur ɗaya ya kwana tara saboda mai teburin ya tafi kwas kuma makullin durowa na aljihunsa. Wani wurin aka nemi takardar shaidar biyan haraji alhali an riga an karɓe ta tun a tebur na biyu, tana nan maƙale a cikin fayil ɗin a shafi na huɗu, na buɗe na nuna wa akawun, ya ce shi dai haka ya tarar ana yi. Na tambayi mutum biyar ƙa'idar da ake bi wajen ƙin amincewa da buƙata, na samu amsa iri uku, kuma duk cikinsu babu wanda ya yi min ƙarya, kowa abin da ya gada daga wanda ya bar masa kujerar ya faɗa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don mai fayil ɗin dattijo ne da yake zuwa daga wata ƙaramar hukuma mai nisa, sau huɗu ina ganinsa a bencin bakin ofis da 'yar jakar ledarsa ta takardu.

In kika ɗauki wannan hanyar yadda take kika zuba ta a lo-kod, abin da za ki samu tebur goma sha ɗaya ne a cikin kwamfuta. Mai tafiya kwas zai tafi da kalmar sirri maimakon makullin durowa. Kamfanin ba zai ce muku ku rage teburan ba, ba huruminsa ba ne, kuma yawan masu shiga manhajar shi ne yawan kuɗinsa. Ita manhaja ba ta san haka muka tarar ba, sai an gaya mata ƙa'ida guda ɗaya a rubuce, wa ke amincewa, cikin kwana nawa, in ya wuce kwanakin me zai faru, in ba ya nan wa ke tsaya masa. Zaman da za a yi a cire tebur uku daga hanya shi ne yake cin wata biyu, saboda kowane tebur akwai mai shi kuma yana ganin an rage masa daraja, wani kuma ba daraja kaɗai aka rage masa ba, kin fi ni sanin wannan. Sai da sa hannun babban sakatare, wani lokacin har kwamishina. Gwamnatin tarayya ma da ta zo gyaran harkar kasuwanci a 2017 da umarnin zartarwa na farko da Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashin shugaban ƙasa, abin da ta fara tilasta wa hukumomi shi ne su wallafa sharuɗɗansu da kuɗinsu da kwanakin da aiki zai ɗauka, ba da manhaja ta fara ba.

Sai maganar haɗi da sauran wurare. A nunin da suka yi muku na tabbata da aka zo wurin biyan kuɗi danna maɓalli kawai aka yi aka ce an biya. A zahiri kuɗin lasisi asusun gwamnati yake shiga, ta hanyar da hukumar tara kuɗin shiga ta jiharku ta amince da ita, a tarayya Remita aka yi amfani da ita lokacin da aka tsaurara asusun bai ɗaya a 2015. Dole manhajarku ta iya tambayar waccan ko rasit ɗin nan na gaske ne, in ba haka ba mutum zai ɗora hoton rasit kuma wani ma'aikaci ya zauna yana dubawa da ido, an koma gidan jiya. In kuna son tantance NIN ɗin mai makaranta sai da yarjejeniya ta hanyar da NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ta yarda. Ga tsofaffin fayilolin makarantun da ke rajista, makaranta ɗaya an rubuta sunanta iri uku, wata ta canja wuri, wata ta rufe tun tuni, wa zai shigar da su kuma wa zai tace? Wannan duk ba jawo ka ajiye ba ne, nan dole sai ƙwararren mai kod, don haka maganar ba kwa buƙatar masu rubuta manhaja rabin gaskiya ce. Ko a Amurka abin da ya kayar da su kenan, a watan Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren kwamfuta na 1959, saboda tsarin biyan marasa aikin yi mai shekara sama da 40 ya kasa ɗaukar cunkoso. Sabon shafi mai kyau a gaba ba ya hana tsohon injin da ke baya tsayawa.

Tsaro kuma ina so ki karanta wannan da kyau don shi ya fi damuna. A watan Agustan 2021 kamfanin tsaro na UpGuard ya bayyana cewa bayanai kusan miliyan 38 suna zaune a buɗe a intanet daga shafukan da aka gina da Power Apps, hukumomi da kamfanoni 47, ciki har da na jihohin Indiana da Maryland da birnin New York. Sunaye, lambobin waya, bayanan rigakafin korona, bayanan bin sawun masu cutar. Babu wanda ya yi kutse. Saitin da manhajar ta zo da shi ne ya bar ƙofar da manhajoji ke karɓar bayanai a buɗe sai in kai ka je ka kunna izinin da zai rufe ta, waɗanda suka gina shafukan kuma ba su san da ƙofar ba saboda a fuskar shafin komai lafiya lau yake. Daga baya Microsoft ta canja saitin. Wannan shi ne haɗarin sauƙi, wanda bai san abin da ke ƙarƙashi ba ya samu ikon ɗora bayanan dubban mutane a intanet da rana ɗaya. Ku kuma za ku riƙe sunayen masu makarantu da na malamai da takardun shaidarsu, ƙila har adadin yara da adireshi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ma'aikatarku za ta tambaya tun da ku ne masu bayanan, ba za ki ce mata ai ɗan kwangila ne ba. Ki tambaye su a wace ƙasa sabar take, don ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, sun fi son bayanan gwamnati su zauna a cikin gida, kuma akwai irinsu Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya da ke ba da wurin ajiya. Kafin a buɗe wa jama'a a samo wani daban, ba kamfanin da ya gina ba, ya gwada shiga ta bayan gida.

Kuɗi. Yawancin manyan lo-kod ɗin nan ba sayensu ake yi ba, haya ce, duk wata ko duk shekara, kan kowane ma'aikaci da ke shiga, wasu har kan yawan jama'ar da ke amfani da shafin, kuma da dala. Kin tuna kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Ma'aikatar da ta sa hannu kan haya da dala kafin lokacin kuɗinta ya ninka uku ba tare da an ƙara mata komai ba. Sannan kin san halin kasafin kuɗi, aikin gini ana samun kuɗinsa a shekarar farko a yi bikin ƙaddamarwa, shekara ta biyu kuɗin sabunta haya ya faɗa cikin kuɗin gudanarwa da ba a saki a kan lokaci, ranar da haya ta ƙare manhaja ta kulle da bayananku a ciki. Na ga wannan da idona, ma'aikata suka koma fayil, dattawan rajista suka ce dama mun faɗa, kuma bayan haka da wuya ki sake shawo kansu. Abin da aka gina a kan manhajar kamfani ɗaya kuma ba ya ɗaukuwa zuwa ta wani, sai dai a sake gini. Kamfanin ma yana iya rufe ta, Google da girmanta ta rufe App Maker a Janairun 2021, waɗanda suka gina ayyukansu a kai dole suka kwashe. Shi ya sa ni ga ma'aikatar jiha nake fara duba masu buɗaɗɗen kod da za a ɗora a sabar da kuke iko da ita, duk da su ma ba kyauta ba ne, sai an biya mai kula da sabar da mai ajiye kwafin bayanai kullum, amma da naira za ki biya shi kuma ɗan gida ne.

Akwai wata matsalar da ke zuwa daga baya in abin ya karɓu, kowane sashe ya fara gina tasa, yaro ɗan bautar ƙasa mai ƙoƙari ya gina guda uku da imel ɗinsa na kansa, ya gama shekararsa ya tafi da su. A Ingila a 2020 sakamakon gwajin korona 15,841 ya ɓace daga lissafi na kwanaki saboda ana tara shi a tsohon samfurin fayil ɗin Excel da ba ya wuce layi 65,536, ya cika ya daina karɓa shiru babu wanda ya lura. Ƙaramin abu ne da aka haɗa don a rage wahala, ya zama ƙashin bayan aiki ba tare da an sa masa mai kula ba. Don haka duk manhajar da za a gina a rubuta ta a rajista guda, da sunan ofishin da ke da ita, da asusun ma'aikata ba na mutum ba, kuma mutum biyu aƙalla su san cikinta, ma'aikatan dindindin, don canjin wurin aiki ba ya sallama.

Kar a manta da mai cike fom ɗin. Mai makarantar islamiyya a ƙauye da wayarsa ƙarama da datar naira ɗari biyu, in fom ɗin ya ce ya ɗora takarda goma masu nauyi kuma sabis ya yanke a ta takwas komai ya goge, gobe zai tafi kafe ya biya yaro ya cika masa, yaron ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa, duk saƙon da kuka tura wurin yaron zai je. A gwada fom ɗin a ƙaramar waya a wurin da sabis ke rawa, ya riƙa ajiye abin da aka cika, ya kasance da Hausa, saƙon matakin da fayil ya kai ya zo ta tes na waya ba imel kaɗai ba, kuma a bar tebur ɗaya a ofishin shiyya inda ma'aikaci zai cika wa wanda bai iya ba a cikin manhajar guda.

Abin da zan ce ki kai wa babban sakatare shi ne kar a ƙi, kar kuma a sa hannu kan duk sashen. A ɗauki aiki ɗaya, sabunta lasisin nan ya yi daidai tun da yana maimaituwa duk shekara kuma ƙa'idarsa ba ta da sarƙaƙiya kamar ta sabuwar rajista, a yi shi a shiyya ɗaya na wata uku. Manyan abubuwa irin albashi da fansho da rajistar filaye kar a kusance su da wannan tukuna. A cikin takardar kwangila a rubuta ƙarara cewa bayanan na ma'aikata ne kuma za ku iya sauke su gaba ɗaya duk ranar da kuka so a fayil ɗin da kowace kwamfuta ke buɗewa, su nuna muku yadda ake saukewar a gabanku kafin a biya kashin ƙarshe. Su rubuta kuɗin shekara biyar ba na shekara ɗaya ba, da naira in zai yiwu, da abin da zai ƙaru in ma'aikata sun ƙaru. Su faɗi abin da zai faru da manhajar in an yi jinkirin biya wata uku. Babban makullin mai gudanarwa ya kasance a hannun ma'aikata. Ma'aikatanku biyu su zauna tare da su a yi ginin da hannunsu, ba horon kwana biyu a otal bayan an gama ba, gwajin kuma shi ne a ce su ƙara tambaya ɗaya a fom su canja mai amincewa ba tare da sun kira kamfanin ba. In sun iya, kun samu amfanin lo-kod na gaske, don dama amfaninsa kenan, gobe in an canja kuɗin lasisi ko an ƙara sharaɗi ku gyara da kanku a yini ɗaya ba sai an sake ba da kwangila ba.

Kafin duk wannan, ranar Litinin ki sa a ɗauko miki fayil ashirin na ƙarshe da aka kammala daga rajista, ki zauna da akawu ɗaya ku rubuta ranar da kowanne ya shigo, teburan da ya bi, da kwanakin da ya yi a kowane tebur, ranakun duk suna jikin fayil ɗin inda aka sa hannu. Da wannan takardar za ki shiga wurin babban sakatare, kuma da ita za a auna bayan wata uku ko kwanakin sun ragu. In kin samu daftarin kwangilar ki turo min shafin kuɗi da shafin mallakar bayanai in duba miki kafin zamanku, Allah ya taimaka.